Kiwon kifi a teku: tasirinsa ga muhalli da yawon buɗe ido

Kiwon kifi a teku shi ne renon kifi a cikin ruwan gishiri har ya girma a kai shi kasuwa. Galibi ana yin sa ne a cikin manyan kejoji na raga da ake kafawa kusa da gaɓa. Ya bambanta da kiwon tarwaɗa da ƙarfasa da aka saba gani a Najeriya, wanda ake yi a kududdufi ko tanki da ruwan daɗi. A kududdufi, mai kiwo ne ke sauya ruwa ya kuma kwashe datti. A kejin teku kuwa, ruwa na shiga yana fita ta idon raga, saboda haka kashin kifi da ragowar abinci da magani da ƙwayoyin cuta duk suna zarcewa cikin teku kai tsaye.

Wannan siffa ta buɗaɗɗen keji ita ce tushen mafi yawan matsalolin muhalli da ake dangantawa da sana'ar. Ita ce kuma ke haddasa saɓani tsakanin masu kiwo da masu harkar yawon buɗe ido, domin ɓangarorin biyu suna neman wuri iri ɗaya, wato lungun teku mai tsaftataccen ruwa wanda iska da igiyar ruwa ba su cika dukansa ba. An fi ganin irin wannan saɓani a ƙasashen Bahar Rum kamar Girka da Turkiyya da Malta, da kuma ƙasashen da ke kiwon kifin salmon.

Tarihi da girman sana'ar

Kiwon kifi a kududdufi tsohuwar sana'a ce, musamman a ƙasar Sin, amma kiwo a kejin teku irin na zamani bai daɗe ba. A shekarar 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan salmon 20,000 a cikin keji mai yawo a kan ruwa a tsibirin Hitra na ƙasar Norwe, suka kwashe kifin farko a 1971. Daga nan fasahar ta bazu zuwa Sikotlan da Kanada da Chile. A yau Norwe ce ke samar da fiye da rabin salmon ɗin Atilantika da ake kiwo a duniya, kimanin tan miliyan 1.5 a shekara, Chile na biye da ita.

A Bahar Rum an fi kiwon nau'i biyu, waɗanda Girkawa ke kira tsifura da labraki. A kimiyyance sunayensu Sparus aurata da Dicentrarchus labrax. An fara kiwonsu don kasuwa a Girka a farkon shekarun 1980 a tsibirin Kefaloniya. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa samar da su a yanzu, Girka kuma ita ce kan gaba a cikin Tarayyar Turai. Akwai kuma kitsa kifin tuna a Malta da Sifaniya da Kuroshiya, inda ake kamo shi da rai daga teku, a ciyar da shi na wasu watanni, sannan a sayar da mafi yawansa ga Japan.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 dabbobin ruwa da aka yi kiwonsu sun kai tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100 na abin da duniya ta samu. Wannan ne karo na farko da kiwo ya zarce su. Adadin ya haɗa da kiwon ruwan daɗi, wanda shi ne mafi yawa.

Yadda ake kiwon

Ana ƙyanƙyashe ƙwai a tankuna a kan tudu, a reni 'ya'yan kifin har su yi ƙwari, sannan a kai su teku. Kejin yana da zobe na roba mai ƙarfi da ke yawo a saman ruwa, raga kuma na rataye a ƙarƙashinsa kamar buhu. Ana ɗaure shi da igiyoyi da anga don kada ruwa ya tafi da shi. A Norwe kewayen keji ɗaya kan kai mita 120 zuwa 160, doka kuma ta hana zuba kifi fiye da 200,000 a cikinsa, ko fiye da kilo 25 a kowace mita ɗaya ta cikin ruwa. Kejojin Bahar Rum galibi ba su kai haka girma ba.

Abincin kifin dunƙulallen tsaki ne da ake haɗawa da garin kifi da man kifi da waken suya da alkama da man tsirrai. Ana watsa shi da hannu ko da inji. Tsifura da labraki kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su kai girman da ake sayarwa.

Masu kiwo sun fi son wurin da ke da kariya daga guguwa, kusa da tashar jirgin ruwa da hanyar mota, domin hakan na rage kuɗin aiki da hatsarin karyewar keji. Sai dai irin wannan wuri ruwansa ba ya saurin sauyawa, don haka datti ya fi taruwa a cikinsa.

Datti da sinadarai

Kifi ba ya riƙe duk abin da ya ci. Fiye da rabin sinadarin naitirojin da fosfaros da ke cikin abincin yana komawa ruwa, wani a narke, wani a cikin kashi da tsakin da kifi bai ci ba. Wanda ya narke taki ne ga gansakuka. Idan ya yi yawa a lungun da ruwa ba ya gudu, gansakukar kan yawaita, ruwa ya yi duhu.

Mai nauyin kuma yana sauka ƙasan teku a ƙarƙashin keji. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da shi suna cinye iskar oksijin da ke cikin laka. Idan oksijin ta ƙare, lakar kan yi baƙi, ta riƙa fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, farar shimfiɗar bakteriya kuma ta rufe samanta. Ƙananan halittu irin su kaguwa da dodon-koɗi kan ɓace, sai wasu tsutsotsi masu jure ƙazanta su rage. Yawanci wannan illa ta fi tsanani a ƙarƙashin kejin da kewayensa, tana raguwa idan an yi nisa. Zurfin ruwa da ƙarfin gudunsa ne suka fi tantance girmanta.

Ban da wannan, ana shafa wa raga wani fenti mai ɗauke da jan ƙarfe don hana halittun ruwa mannewa, kuma sinadarin kan taru a cikin laka. Robobi da igiyoyi da tarkacen kejojin da aka yi watsi da su su ma kan ƙare a bakin teku.

Ciyawar teku

A Bahar Rum akwai wata ciyawa mai suna Posidonia oceanica wadda ba a samun ta a wani teku. Tsiro ce mai saiwa da fure, tana yin makiyaya a ƙasan ruwa daga bakin gaɓa zuwa zurfin kimanin mita 40. Ƙananan kifaye na fakewa a cikinta, tana riƙe yashi, tana tace ruwa, ganyenta da ke taruwa a gaɓa kuma na rage zaizayar rairayi. Dokar Tarayyar Turai ta 1992 kan kare mazaunin halittu ta saka makiyayarta cikin waɗanda aka ba fifikon kariya.

Wannan ciyawa tana bukatar haske da laka mai oksijin, saboda haka kafa keji a samanta ko kusa da ita na kashe ta. Tana yaɗuwa da 'yan santimitoci kaɗan a shekara, don haka wurin da ta mutu kan ɗauki gomman shekaru ko fiye kafin ya farfaɗo. Binciken da aka yi a mashigin Fornells na tsibirin Menorka a Sifaniya ya nuna cewa ciyawar ta ci gaba da raguwa shekaru bayan an daina kiwo a wurin, saboda dattin da ya riga ya taru a cikin laka.

Cututtuka da magunguna

Tara kifi masu yawa a wuri ɗaya na sauƙaƙa yaɗuwar cuta. Babbar matsalar masu kiwon salmon ita ce ƙwarƙwatar teku, wata ƙaramar halitta da ke manne wa kifi tana cin fatarsa. Tana hayayyafa a kejoji, ruwa kuma ya kwashi 'ya'yanta zuwa kan ƙananan salmon na daji da ke fitowa daga koguna zuwa teku, waɗanda ƙwarƙwata kaɗan ke iya kashewa. A 2017 Norwe ta raba gaɓarta zuwa yankuna 13, ta ba kowanne launi irin na fitilar titi gwargwadon illar ƙwarƙwata ga kifin daji. Yankin da ya samu kore zai iya ƙara kiwo da kashi 6 cikin 100, wanda ya samu ja kuma a rage masa kashi 6.

A Chile wata cutar bairos da ke jawo wa salmon ƙarancin jini ta ɓulla a 2007, ta durƙusar da sana'ar na tsawon shekaru, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A 2016 kuma yawaitar gansakuka mai guba ta kashe miliyoyin kifi a kejoji. An zubar da dubban tan na mataccen salmon a cikin teku da izinin hukuma, kuma a watan Mayu na shekarar mazauna tsibirin Chiloé suka tare hanyoyi suna zanga-zanga.

Amfani da magungunan kashe bakteriya ya bambanta sosai tsakanin ƙasashe. Norwe ta yi amfani da kusan tan 50 a 1987, amma bayan da aka fara yi wa kifi allurar rigakafi adadin ya faɗi ƙasa warwas. Chile kuwa tana amfani da ɗaruruwan tan a shekara. Abin da masana ke tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina aiki.

Tserewar kifi

Guguwa ko yagewar raga kan sa kifi ya tsere. Kifin kiwo an zaɓi irinsa ne don saurin girma, kuma idan ya yi barbara da na daji, 'ya'yan da aka samu ba su cika jure rayuwar kogi ba. An tabbatar da irin wannan cakuɗuwar iri a koguna da yawa na Norwe, kuma a 2021 ƙasar ta saka salmon ɗin daji cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A watan Agustan 2017 wani keji ya rushe kusa da tsibirin Cypress a jihar Washinton ta Amurka, salmon ɗin Atilantika kimanin 250,000 suka shiga ruwan Fasifik, inda ba asalinsu ba. A 2018 jihar ta kafa dokar kawo ƙarshen kiwon wannan nau'i a kejojin ruwanta.

Abincin kifi da Afirka ta Yamma

Salmon da tsifura da labraki da tuna duk masu cin nama ne, don haka kiwonsu ya dogara da kamun ƙananan kifaye. Ana bukatar kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na garin kifi. Masu haɗa abinci sun rage dogaro da shi: a 1990 kimanin kashi 90 cikin 100 na abincin salmon a Norwe daga teku yake, a yau kuwa bai kai kashi 30 ba. Amma da yake kiwon ya ninka sau da yawa, bukatar garin kifi da mansa ba ta ƙare ba.

Wani ɓangare na wannan gari daga Muritaniya da Senegal da Gambiya yake fitowa, inda masana'antu ke niƙa sardinela da bonga, kifayen da talakawan yankin ke ci, mata kuma ke busarwa suna sayarwa. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 na irin waɗannan kifaye ake mayarwa gari da mai duk shekara a yankin. A Gambiya masana'antun suna garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong, a bakin tekun da baƙi ke zuwa hutu. A watan Mayun 2017 ruwan tafkin Bolong Fenyo da ke Gunjur ya koma ja, kifaye suka mutu, hukumar muhalli ta ƙasar ta kai masana'antar garin kifin da ke wurin kotu, daga baya aka sasanta a wajen kotu. Masu masaukin baƙi a yankin sun sha kokawa kan wari da ruɓaɓɓen kifi da ake zubarwa a gaɓa.

Saɓani da yawon buɗe ido

Abin da mai otal ko mai jirgin shaƙatawa ke sayarwa shi ne ruwa garai-garai da kyan gani da kwanciyar hankali. Ƙorafin da suka fi yi a kan gonakin kifi ya haɗa da maiƙo da kumfa a saman ruwa, wari, ƙarar injina, tarkacen roba, da kejoji da ke tare ido. Haka nan wurin da aka ba kamfani haya ana hana iyo da su da ajiye jirgi a cikinsa, saboda haka ruwan da dā na kowa ne ya koma hannun mutum ɗaya. Ƙananan masunta sukan goyi bayan masu yawon buɗe ido a wannan batu.

A Turkiyya rikicin ya fi zafi a lardin Muğla, inda garin hutu na Bodrum yake, kuma inda aka fi kiwon kifi a ƙasar. Bayan ƙorafin masu otal da masu gidajen hutu, an gyara dokar muhalli a 2006, aka fitar da ƙa'idoji a 2007. Ƙa'idojin sun ce a rufaffun mashigai dole gonar kifi ta kasance a ruwan da zurfinsa ya kai mita 30, nisanta da gaɓa ya kai kimanin kilomita 1.1, gudun ruwan kuma ya kai mita 0.1 a daƙiƙa. Gonaki da yawa sun ƙaura zuwa cikin teku. Ƙaurar ta yi wa ƙananan masu kiwo tsada, sana'ar ta ƙara komawa hannun manyan kamfanoni, amma yawan kifin da ƙasar ke samarwa ya ci gaba da ƙaruwa.

A Malta ana ciyar da tuna da daskararrun ƙananan kifaye masu kitse. Idan aka zuba su a keji, mansu kan taso ya zama wani farin yauƙi da iska ke korawa zuwa wuraren iyo. A lokacin zafi na 2016 abin ya yi muni har jama'a suka yi ta ƙorafi. A watan Satumba na shekarar Hukumar Tsare-tsare ta ƙasar ta soke izinin wasu gonaki, ta umarce su da su matsa nesa da gaɓa.

A Girka, wadda baƙi fiye da miliyan 30 suka ziyarta a 2023, gwamnati ta fitar da tsari a 2011 na ware yankuna na musamman don kiwon kifi. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne na Poros, ƙaramin tsibiri a mashigin Saronik mai mazauna ƙasa da 4,000, wanda tattalin arzikinsa ya dogara da baƙi da jiragen shaƙatawa. Shirin ya tanadi ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gaɓar tsibirin don kiwo. Majalisar ƙaramar hukumar da mazauna da 'yan kasuwa sun yi adawa da shi, suna kafa hujja da ciyawar teku da kuma wuraren iyo da za a rasa.

A lardin Tierra del Fuego na ƙasar Ajantina, majalisar dokoki ta amince da dokar hana kiwon salmon a kejojin teku a watan Yunin 2021, bayan adawar mazauna birnin Ushuaia da masu dafa abinci da masu kai baƙi mashigin Beagle. A Norwe da Sikotlan kuwa, masu ƙorafin su ne masu koguna da masaukai da ke rayuwa da baƙin da ke zuwa kamun salmon da ƙugiya. A watan Yunin 2024 hukumomin Norwe sun rufe koguna 33 ga masu kamun salmon saboda ƙarancin kifin da ya dawo daga teku. Masana na danganta raguwar da dalilai da dama, ciki har da ƙwarƙwata da sauyin yanayin teku.

Matsayin masu kiwo

Masu kiwo suna cewa aikinsu na duk shekara ne, alhali yawon buɗe ido a tsibirai da yawa na watannin zafi ne kawai, kuma sana'ar na riƙe matasa a garuruwan da mutane ke ƙaura daga cikinsu. Kifi na cikin manyan kayan abincin da Girka ke fitarwa waje, a Norwe kuma salmon na cikin manyan hajojin da ke biye wa man fetur da iskar gas. Suna kuma nuna cewa yawon buɗe ido shi ma yana ɓata teku, ta hanyar ruwan ƙazanta daga otal-otal da gine-gine a gaɓa da angar jiragen shaƙatawa da ke tumɓuke ciyawar teku. Yawancin tsifura da labrakin da baƙi ke ci a gidajen abinci na bakin teku ma daga keji suke fitowa.

Hanyoyin rage matsalar

Hanya ta farko ita ce zaɓen wuri. A 2012 hukumar kula da kamun kifi ta Bahar Rum ta amince da ƙudurin ware wa kiwo yankuna na musamman, a 2014 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta masu gaɓa tsara yadda za a raba amfani da teku. Rikicin Poros ya nuna cewa ware yanki ba tare da amincewar mazauna ba yana iya zama sabon abin jayayya.

Akwai kuma barin wuri ya huta bayan kowace kwasa don laka ta farfaɗo, da sa kyamara a cikin ruwa don a daina zuba abinci da zarar kifi ya ƙoshi. Wasu kamfanoni na gwada manyan kejoji a tsakiyar teku, kamar Ocean Farm 1 mai faɗin mita 110 da aka kafa a Norwe a 2017. Wasu na gina rufaffun tankuna a ruwa ko a kan tudu, inda ake tace ruwa a sake amfani da shi, sai dai suna cin wutar lantarki da jari mai yawa. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kanada ta sanar da cewa za ta hana kiwon salmon a buɗaɗɗen keji a lardin British Columbia daga tsakiyar 2029. A mashigin Sanggou na lardin Shandong a ƙasar Sin ana haɗa kiwon kifi da na halittu masu ɓawo da ganyen teku, waɗanda ke tsotse wani ɓangare na takin da ke cikin ruwa.

A wasu wurare sana'o'in biyu sun haɗa kai. Norwe tana ba da lasisi na musamman ga gonakin da ke karɓar baƙi su ga yadda ake kiwon, a wasu sassan Bahar Rum kuma ana kai baƙi kallon kifayen daji da dolfin da ke taruwa a kewayen kejoji don neman abinci.